Ni tumbi nake son ragewa, ƙanena jiki yake nema: tsari ɗaya zai yi mana a jim?

Ɗan Gesse:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ɗaga ƙarfe. Shekaruna 34, tsawona santimita 172, nauyina kilo 88, ƙuguna daidai cibiya santimita 101. Aikin ofis nake yi a nan Birnin Kebbi, zama ne daga safe har la'asar. Ƙanena shekarunsa 21, tsawonmu kusan ɗaya amma shi kilo 58 ne, burinsa ya ciko ya yi ƙirji da kafaɗa. Tare muke zuwa jim, kuma ba mu da wani tsari: injin da muka tarar babu kowa shi muke hawa, abin da muka ga wani na yi mu kwaikwaya. Tumbina na nan, shi ma bai ƙaru ba. Kwana uku muke da su a sati, awa ɗaya-ɗaya. A wurin akwai sanda da faifai, benci, dambel (gajeren ƙarfe na hannu ɗaya), injin gudu biyu da sai an tada janareta, da wasu ƙarafan siminti. Shin tsari ɗaya zai yi mana ko kowa ya kama gabansa? Kuma yaya ake tsara abin tun daga tushe?

Koci Mai Ƙarfe:

Wa'alaikumus salam Malam. Kada ku rabu. Motsin da za ku yi kusan ɗaya ne, kuma kowa na buƙatar wanda zai tsaya masa a benci. Inda za ku bambanta uku ne: kwanon abinci, minti goma sha biyar na ƙarshe, da abin da kowa zai riƙa aunawa.

Da farko ka mayar da burin lamba, don "ina son tumbi ya ragu" ba a iya gina jadawali a kansa. Kai ka rubuta: nan da sati 12 kilo 88 ya koma 82 ko 83, ƙugu ya sauko wajen 95. Rabin kilo a sati ke nan, kuma shi ne saurin da ba ya cinye tsoka. Can gaba abin nema shi ne ƙugu ya gaza rabin tsawonka, wato ƙasa da 86. Ƙanenka ya rubuta kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a wata. In ya ga yana haura kilo biyu a wata, kada ya yi murna, yawancinsa kitse ne.

Mai kwana uku ba ya yin tsarin nan na "yau ƙirji, gobe hannu, jibi ƙafa". A haka kowace tsoka sau ɗaya take aiki a sati, in sha'ani ya hana ka zuwa ranar ƙafa, sai ta yi sati biyu ba a taɓa ta ba. Ku riƙa haɗa jiki duka a kowace rana, Litinin, Laraba da Asabar misali, don tsoka ta samu kamar awa 48 ta huta. Jadawali biyu za ku riƙa karɓa-karɓa.

Na farko: tsugunno da sanda a bayan kafaɗa, zagaye 3, kowanne sau 8 zuwa 10. Sai tura sanda a kwance kan benci, 3 sau 8 zuwa 10. Sai jan dambel zuwa kwiɓi, gwiwa ɗaya da hannu ɗaya a kan benci, 3 sau 10 zuwa 12 kowane hannu. A rufe da tsayuwa kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki miƙe sambal, daƙiƙa 30 zuwa 45, sau uku.

Na biyu: ɗaga sanda daga ƙasa, 3 sau 6 zuwa 8. Tura sanda ko dambel sama da kai a tsaye, 3 sau 8 zuwa 10. Jan jiki sama a ƙarfen lilo, iya abin da ya samu sau uku. Kai da ke da kilo 88 wataƙila ko ɗaya ba zai samu ba yanzu, to ka taka benci ka hau sama, sannan ka sauko a hankali kana ƙirga biyar, sau 5. Sai taku mai tsawo gaba da dambel a hannu biyu, gwiwar baya ta kusa taɓa ƙasa, 2 sau 10 kowace ƙafa.

Wannan satin na farko, na biyu, na farko. Sati mai zuwa na biyu, na farko, na biyu. Hutu tsakanin zagaye minti biyu a manyan motsi, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi a ƙanana. Da yake ku biyu ne, in ɗaya na yi ɗaya na hutawa, lokacin ya daidaita kansa.

Nauyin da za a ɗora fa? Wanda za ka gama zagayen kana jin da saura biyu a jikinka, ba fiye ba. In ka yi goma kana iya ƙara goma, wasa kake yi. In tun a na shida bayanka ya fara lanƙwashewa, girman kai ne, rage. Kafin nauyin aiki a ɗumama jiki: minti biyar na tafiya da sauri ko tsallen igiya, sai sanda zalla sau 10, rabin nauyin sau 5, kashi uku cikin huɗu sau 3. Cikakkiyar sanda irin ta gasa kilo 20 ce ita kaɗai, a riƙa lissafawa da ita.

Abin da ya hana ku ci gaba kuwa, kusan na tabbata, rashin littafi ne. Jiki ba ya canzawa sai an ɗora masa abin da ya fi na jiya, kuma ba wanda ke tuna abin da ya ɗaga sati uku da suka wuce. Ku sayi ƙaramin littafi. In yau ka rubuta benci kilo 40, 10, 9, 8, lokaci na gaba ka nemi 10, 10, 9. Ranar da ta cika 10, 10, 10, ƙara kilo biyu da rabi ka koma 8. A tsugunno da ɗagawa daga ƙasa ana iya ƙara kilo 5 a watannin farko. In lamba ta tsaya cik karo uku a jere, rage kashi 10 cikin ɗari ka sake hawowa, kuma ka duba barcinka, ƙasa da awa bakwai yana hana ruwa gudu.

Minti goma sha biyar na ƙarshe: ƙanenka ya yi damtse, bayan damtse da gefen kafaɗa da ƙananan dambel, zagaye biyu-biyu sau 12 zuwa 15. Kai ka hau injin gudu ka ɗaga shi ya yi tudu, ka yi tafiya da sauri.

Ɗan Kokawar Argungu:

Koci ya yi bayani, Allah shi saka. Amma wanga batu na injin gudu ban yarda da shi duka ba. Minti 15 sau uku minti 45 ne a sati, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 ta ce na motsi matsakaici ga baligi, ban da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Kuma injin da sai an jira janareta ba abin dogaro ba ne. Malam, ranakun da ba ka jim, fita bayan sallar asuba ka yi tafiya da sauri minti 30 zuwa 40, ko cikin unguwa ko wajen filin wasa na Haliru Abdu. Ma'aunin saurin: kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. In kana da agogon da ke ƙirga bugun zuciya, a shekarunka 112 zuwa 130 a minti ya yi. Kada ka fara da gudu kan kwalta da kilo 88, ƙwauri da gwiwa za su kai ƙara kafin sati uku. Bayan wata guda sai ka fara sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu.

Sai ƙarafan siminti. Suna aiki, tsoka ba ta san kuɗin ƙarfe ba, amma da sharaɗi. Wanda aka zuba a gwangwani da wuya ɓangarorin biyu su zo daidai, wani gefen kan fi wani da kilo ɗaya ko biyu, ga sandar ba lallai tana tsakiya ba. Ka kai shi kan sikelin masu shinkafa a auna, a rubuta nauyin da fenti a jiki. Sannan ka ɗora tsakiyar sandar kan gefen benci ka sake ta: in ta rinjaya gefe guda, kada a yi benci ko tsugunno da ita, kafaɗa ɗaya da ƙugu ɗaya za su riƙa ɗaukar kaya. Matsala ta biyu, ba a ƙara masa kilo biyu da rabi, don haka da shi sai dai a ƙara yawan ɗagawa, daga 8 har 15, ko a rage saurin saukowa zuwa daƙiƙa uku.

Wagga ɗagawa daga ƙasa ita ta fi karya mutane, don haka a kula. Babban faifai faɗinsa santimita 45 ne, shi ke sa sanda ta tsaya wajen tsakiyar ƙwauri. In ƙananan faifai ne a wurinku, sandar za ta yi ƙasa da yawa, dole mutum ya duƙa bayansa ya lanƙwashe. Sa bulo ko katako a ƙarƙashin faifan. Sanda ta kasance saman tsakiyar tafin ƙafa, tana kusan gogar ƙwauri har ta wuce gwiwa. Da ta yi nesa da jiki ko da taƙi ɗaya ne, nauyin ya koma kan ƙashin baya. Tura ɗuwawu baya, buɗe ƙirji, cika ciki da iska ka ɗaure shi kamar wanda za a naushe, sannan ka tura ƙasa da ƙafa. Kada a fizga.

A tsugunno, in diddige na tashi, ko dai idon sawu ya yi tauri ko takalmin gudu mai laushi ne ya jawo. Cire shi ka yi da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ko ka sa ƙaramin faifai ƙarƙashin diddige. In gwiwoyi na faɗowa ciki lokacin tashi, nauyin ya yi yawa, ko ba a buɗe yatsun ƙafa waje kaɗan ba. A benci kuma, masu buɗe gwiwar hannu ta yi daidai da kafaɗa su ne masu kukan ciwon gaban kafaɗa. Matse allunan kafaɗa baya, gwiwar hannu ta ɗan matso jiki, sanda ta sauka ƙasan nono ba a wuya ba, babban yatsa ya zagaye sandar.

Sista Gusau:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo, don ban ga an taɓo ba.

Malam Ɗan Gesse, kafin ka ɗora nauyi ka auna hawan jini da sukari. Namiji mai shekara 34 da ƙugu 101 da aikin zama, ba a yi masa zato, aunawa ake yi. Kemis mai na'ura zai iya auna maka jini, ko ka je Asibitin Sir Yahaya. In ya kai 140/90 a awo biyu na ranaku daban, ga likita. Yawanci ba a hana motsa jiki, amma za a ce ka guji nauyin da sai ka riƙe numfashi ka yi nishi, don wannan na harba jini sama nan take. In ya kai 180/110, babu ɗaga komai sai an sauko da shi. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan hutu, a tsaya a tafi asibiti.

Zafin Maris zuwa Mayu a Kebbi da Zamfara yana haura digiri 40, kuma yawancin wuraren nan rufin kwano ne. A lokacin a yi da sassafe ko bayan magariba. Sha ledar fiya wata ɗaya awa guda ko biyu kafin farawa, sannan kurɓi-kurɓi duk minti 15 zuwa 20. In kana son sanin abin da kake zubarwa, hau sikeli kafin da bayan motsa jiki: duk kilo ɗaya da ya ɓace ruwa ne kusan lita ɗaya, ba kitse ba, a mayar da shi. Masu sa rigar leda ko suwaita don gumi ya narkar da tumbi, ƙodarsu kawai suke wahalarwa.

Tsamin jiki kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon motsi ba komai ba ne, yana wucewa. Amma kada a sha diclofenac ko ibuprofen a shiga jim cikin zafi, haɗuwarsu da ƙarancin ruwa na taɓa ƙoda, balle tramadol da wasu ke sha wai don ƙarfi. In tsoka ta kumbura da ciwo mai tsanani, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, wannan tsoka ce ta farfashe tana zuba cikin jini, asibiti a ranar. Ya fi samun sabon shiga da aka sa shi tsallen kwaɗo ɗari a ranar farko.

Ƙanenka nake ji wa tsoro, don masu neman jiki su ake yaudara da sha-ka-fashe. Yawancinsu akwai dexamethasone, wani maganin rage kumburi, a ciki. Sikeli zai hau, amma ruwa ne da kitse a fuska, ƙeya da ciki, ita kuwa tsokar hannu da cinya narkewa take yi, ga sukari da hawan jini da raunin ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina rana ɗaya, likita ne ke rage masa a hankali. Allurar gina tsoka da ake sayarwa a ɓoye kuma tana rage maniyyi, tana taɓa hanta da zuciya.

Ɗan Gesse:

Na gode ƙwarai Koci, Malam na Argungu, da Sista, Allah ya bar zumunci. Saura uku. Ban ga motsin ciki a jadawalin ba, alhali tumbin ne damuwata. Abincin fa, me kowa zai ci? Sannan in azumi ya zo a dakata ne?

Koci Mai Ƙarfe:

Gyaran da ɗan'uwa na Argungu ya yi kan tafiya daidai ne, ka ɗauka.

Motsin ciki yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin kitse, ba ya cire kitsen da ke kanta. Jiki na ɗebo kitse daga ko'ina in abin da ka ci ya gaza abin da ka ƙona. Ka yi ɗari biyar kullum, tumbin na nan, sai dai wuya da baya su yi ciwo.

Lissafin da kalori ake yi, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci: kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, don haka giɓin kalori 500 a rana ke ba da rabin kilo a sati. Tafiyar minti 30 da sauri a nauyinka ba ta wuce kalori 150 zuwa 200. Lemon kwalba na santilita 50 yana da sukari wajen giram 50, kalori 200, wato kwalba ɗaya ta shafe tafiyar asuba. Babban cokalin mai, na gyaɗa ko manja, kalori 120 ne. To ka ga inda 500 ɗin take: bar lemo, rage sukarin shayi da na fura, a rage cokali biyu na mai a miya ko shinkafa da wake, malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya da rabi, a cike gurbin da zogale, kabeji ko rama. Ba sai ka bar shinkafa ba, mutumin Kebbi ba a gaya masa haka, a dai auna ta.

Furotin kuwa, wato sinadarin gina jiki, ku duka biyu kuna buƙata, kusan giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Kai ka lissafa da nauyin da kake nema, wajen giram 130. Shi ke tsare tsoka yayin da kitse ke tafiya. Ƙanenka giram 95 zuwa 100. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofi ɗaya na dafaffen wake wajen 15. Giram 100 na gasasshen kifi 20 zuwa 25, naman kaza ya ɗan fi haka. Rabin litar nono mai kauri wajen 15, in ba a tsinka shi da ruwa ba. Awara, alale da ƙuli-ƙuli duk suna taimakawa, sai dai soyayyar awara na shan mai, kai ka fi son alale da kifi gasasshe. A raba furotin ɗin gida uku ko huɗu a rana maimakon a tara shi da dare.

Ƙanenka matsalarsa ba jim ba ce, ci ne. Ramammu da yawa suna rantsuwa suna ci sosai, in aka bi diddigi sau biyu suke ci. Ya ƙara kalori 300 zuwa 400 kan abin da ya saba: cikin tafin hannu na gyaɗa, giram 30, kalori 170 ne da furotin giram 7, ya haɗa da fura da nono ko kunun gyaɗa da ayaba bayan jim, ya wadatar. In sati biyu sikeli bai motsa ba, ya ƙara wani tafin. Kuma ya rage buga ƙwallo kullum in yana yi, sau ɗaya ko biyu a sati ya isa. Garin furotin na roba ba dole ba ne. In da kuɗi, wani gari daban da ake kira creatine ne aka fi tabbatar da amfaninsa wajen ƙara ƙarfin tsoka, giram 3 zuwa 5 a rana, a duba lambar NAFDAC. Yana ƙara kilo ɗaya na ruwa a tsoka a satuttukan farko, mai ciwon ƙoda kuma sai da izinin likita.

Azumi ba a dakatawa, ragewa ake yi. Kwana biyu a sati, bayan asham, in an sha ruwa an ci abu mara nauyi. Nauyin da ke kan sanda ya tsaya yadda yake, zagaye uku ya koma biyu, kada a nemi ƙari a littafi sai bayan sallah. Riƙe nauyin ne ke hana tsoka zubewa, ba yawan zagaye ba. Tafiyarka ta koma awa ɗaya kafin magariba a hankali, ko da dare. Sahur ya samu ƙwai, wake ko nono, ba kunu zalla ba.

Ɗan Kokawar Argungu:

Ƙari kan awo. Kada ka hau sikeli kullum ka tada hankalinka, gishiri da ruwa na sa shi yawo da kilo ɗaya ko fiye. Sau uku a sati da safe, bayan ban-ɗaki kafin karin kumallo, sikeli ɗaya, ka haɗa ka raba uku. Ƙugu kuma duk sati biyu da tef ɗin tela, daidai cibiya, bayan ka saki numfashi, ba tare da tsuke ciki ba. In ƙugu na raguwa sikeli na tsaye, kada ka taɓa komai, sabon shiga kan gina tsoka yana zubar da kitse lokaci guda. In duka biyun sun tsaya sati uku, rage kalori 150 ko ƙara minti 10 a tafiya, ɗaya daga ciki ba duka ba, don ka san wanda ya yi aiki. Sati na bakwai ko takwas ku yi sati mai sauƙi, rabin zagayen da kuka saba, gaɓoɓi su huce.

Sista Gusau:

Da hunturu a ƙara ɗumama jiki ya kai minti goma, kuma ranar da ƙura ta rufe gari a bar tafiyar waje, musamman in akwai mai asma a cikinku. Malam, in ka auna jinin ka kawo mana lambar kafin Koci ya ce ka ƙara nauyi a ɗagawa daga ƙasa.